Tarihin Gudan Jini Da Shanyewar Ɓarin Jiki



Da wuya a sami garin da ba a taɓa ganin mai shanyewar ɓarin jiki ba. Mutum yana zaune lafiya lau, ko yana cikin gona, ko yana tsakiyar ciniki, sai a ga bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun saki, magana ta sarƙe. Waɗansu su ce iska ce ta buge shi, waɗansu su ce jifa ne. Ba mu kaɗai muka taɓa yin wannan zato ba. Mutanen ƙasashe da yawa sun yi irinsa shekaru aru-aru, domin ciwon ya kan zo farat ɗaya, ba sallama.

Yau za mu ba ku labarin yadda likitoci suka bi sawun wannan ciwo kamar yadda a kan bi sawun ɓarawo, har sawun ya kai su inda ba su zata ba, watau cikin zuciya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, domin a ƙarshen labarin akwai aikin da ya rataya a wuyan kowa.

Abin da mutanen da suka sani

Wajen shekara 2,400 da suka wuce, an yi wani babban likita a ƙasar Yunanawa, sunansa Hippocrates. Ya san wannan ciwo, ya kuwa kwatanta shi daidai. Amma sunan da Yunanawa suka ba ciwon, ma'anarsa ita ce an buge mutum ya faɗi. Kun ga ashe su ma bugu suka ɗauke shi. Sun ga aikin ɓarawo, ba su ga hanyar da ya biyo ba.

Dalili kuwa shi ne, a zamanin nan ba wanda ya san yadda jini ke tafiya a jiki. Wajen shekarar 1242 wani likita a Alƙahira, Ibnun Nafis, ya rubuta cewa jini ya kan tashi daga gefen dama na zuciya, ya ratsa huhu, sa'an nan ya komo gefen hagu. Bayansa da daɗewa, a 1628, wani likitan Sarkin Ingila mai suna William Harvey ya buga littafi ya nuna cewa jini kewaya jiki ya ke yi, zuciya ce kuwa ke tura shi, ya fita ta waɗansu jijiyoyi, ya komo ta waɗansu.

Ga yadda abin ya ke a taƙaice. Zuciya tana da ɗaki 4, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. Akwai ƙyamare a bakin ɗakunan, su buɗe jini ya wuce, su rufe don kada ya koma baya. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, zuciya kuwa tana bugawa kamar sau 100,000 a kwana ɗaya, ba hutu.

Shekara 30 bayan littafin Harvey, a 1658, wani likita a ƙasar Suwizalan, Johann Jakob Wepfer, ya duba kawunan mutanen da wannan ciwo ya kashe. Ya bi jijiyoyin nan guda 4 da ke hawa ta wuya su kai jini ƙwaƙwalwa, ya ce ciwon iri biyu ne. Ko dai jijiya ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa, ko kuwa wani abu ya toshe ta jini ya kasa wucewa. Har gobe a kan wannan magana likitoci su ke. Ku ɗauki ƙwaƙwalwa kamar lambu ce mai fangali da yawa, kowane da hanyar ruwansa. In tarkace ya toshe hanya ɗaya, fangalin nan kaɗai zai bushe. In wurin da ya bushe shi ke sarrafa hannu, hannu ya saki. In shi ke sarrafa magana, magana ta ɗauke. Gefen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin ɓarin dama na jiki, na dama kuma ɓarin hagu.

To, saura tambaya ɗaya. Abin da ya toshe hanyar, daga ina ya fito?

Sawu ya kai ga zuciya

An yi kusan shekara 200 kafin a sami amsa. Likitoci sun sha ganin gudan jini a cikin jijiyar mamaci, amma suna tsammani nan inda aka gan shi, nan ya daskare. Daga 1846 wani saurayin likita a Balin ta ƙasar Jamus, Rudolf Virchow, ya shiga gwaji. Ya riƙa saka 'yan gutsattsarin abubuwa cikin jijiyar wuyan karnuka, daga baya ya same su can cikin jijiyoyin huhu sun maƙale. Da haka ya tabbatar cewa gudan jini matafiyi ne. Ya kan daskare a wani wuri, ya ɓalle, jini ya ɗauke shi kamar yadda rafi ke ɗaukar kara, har ya isa inda hanya ta yi masa ƙunci, ya tsaya.

A 1852 kuma wani likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, William Senhouse Kirkes, ya cike maganar. Ya duba gawawwakin mutanen da ƙyamaren zuciyarsu suka lalace, ya ga waɗansu 'yan tsiro sun manne a bakin ƙyamaren, ya kuma sami ɓarɓashinsu a jijiyar ƙwaƙwalwa sun toshe ta. Nan fa aka kama ɓarawo. Ɓarna a kai, amma gidan ɓarawo a ƙirji.

Kada ku ɗauka kowace shanyewa daga zuciya ta ke. Hawan jini shi ne uban tafiya, shi ke fasa jijiyoyi, shi ke kuma tsuke su. Amma cikin shanyewar da toshewa ke kawowa, kamar ɗaya cikin huɗu ko biyar daga zuciya gudan ya taso. Irin wannan kuwa ta fi muni, domin gudan da ya fito daga zuciya ya kan yi girma, ya toshe babbar hanya.

Me ke sa jini ya daskare a cikin zuciya? Ku tambayi mai dama kunu. Muddin tana juyawa, kunu ya kan yi sumul. Da ta saki muciya, sai gudaji. Haka jini ya ke. Duk ciwon da ya hana zuciya juya jini sosai, ya buɗe wa guda ƙofa. Manyan cututtukan nan uku ne, ga labarinsu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: lalacewar ƙyamare

A 1816 wani likita a Faris ta ƙasar Faransa, René Laennec, ya naɗe takarda ya kafa a ƙirjin majiyyaciya, ya kara kunnensa, sai ya ji bugun zuciya tar. Wannan shi ne asalin abin nan da malamin asibiti ke maƙalawa a kunne yana sauraron ƙirjinku. Da shi aka fara jin ƙarar ƙyauren da ya tsuke ko ya ke yoyo tun mai shi yana da rai. A shekarun 1830 wani Bafaranshen kuma, Jean-Baptiste Bouillaud, ya lura cewa masu zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi, da yawansu ciwon ya kan taɓa zuciyarsu.

Daga baya aka gane tushen abin. Wata ƙwayar cuta ce ke kama maƙogwaron yaro, yawanci daga ɗan shekara 5 zuwa 15. In ba a yi magani ba, bayan mako biyu ko uku waɗansu yaran sai zazzaɓi ya rufe su, gwiwa ta kumbura, ta sace, idon sawu ko gwiwar hannu ya ɗauka. Jiki ne ya tashi yaƙi da ƙwayar cutar, ya haɗa har da ƙyamaren zuciyarsa. Gaɓoɓi su kan warke sarai, amma ƙyaure ya kan yi tabo. In zazzaɓin ya yi ta komowa, tabo ya hau kan tabo, har ƙofar da ke tsakanin ɗakin hagu na sama da na ƙasa ta tsuke. Jini ya taru a ɗakin sama, ɗakin ya buɗe kamar tsohuwar salka, guda ya sami wurin kwanciya. Shi ya sa a kan ga mace 'yar shekara 25 ko 30 da shanyewar jiki, alhali kuwa abin ya faro ne daga ciwon maƙogwaron da aka raina tun tana yarinya.

A 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan. A 1950 likitoci a wani barikin sojan sama a jihar Wyoming ta Amurka suka nuna cewa in an yi wa mai irin wannan ciwon maƙogwaro allurar fenisilin, da wuya zazzaɓin gaɓoɓi ya biyo baya. Da wannan, da samun gidaje marasa cunkoso, ciwon ya kusa ƙarewa a Turai da Amurka. Amma bai bar ƙasashen talakawa ba. A ƙiyasin 2019, mutum wajen miliyan 40 ke ɗauke da wannan tabon zuciya a duniya, Afirka kuwa tana cikin wuraren da ya fi yawa.

Na biyu: karkarwar zuciya

Tun zamanin da, likitoci suna taɓa wuyan hannu su ji bugun jini, sun kuwa san akwai wani bugu marar kan gado, ba tsari ba ƙa'ida. Wanda ya fara binsa a tsanake ba wani shahararren malami ba ne a lokacin. Likitan unguwa ne a garin Burnley na Ingila, James Mackenzie. Ya yi shekaru yana bin majiyyatansa ɗaya ɗaya, yana zana bugun jijiyoyinsu a takarda. Ya lura cewa a waɗansu masu tsukakken ƙyaure, ran da bugu ya rikice, alamar bugun ɗakin sama sai ta ɓace. Ya buga littafinsa a 1902.

A lokacin nan kuma, a garin Leiden na ƙasar Holan, Willem Einthoven ya ƙera na'ura mai rubuta 'yar wutar lantarkin da zuciya ke bayarwa. Nauyinta wajen kilo 270, sai mutum 5 sun taru a kanta, majiyyaci kuwa ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Jikanyarta ita ce 'yar na'urar da a ke kira ECG a asibiti, wadda yaro ma zai ɗauka da hannu ɗaya. A 1909 Thomas Lewis a Landan, da waɗansu likitoci biyu a birnin Biyana, suka yi aiki da irin wannan na'ura suka warware matsalar. Ashe ɗakunan sama ba tsayawa suka yi ba, karkarwa su ke yi. A lafiyayyar zuciya makaɗi ɗaya ne ke ba da kiɗa, kowa ya bi. A wannan ciwo kuwa makaɗa sun yi yawa, kowa na buga nasa, ɗakin sama ya kasa matsa jini, sai rawar ɗari. A jikin ɗakin hagu akwai wani ɗan aljihu, nan jini ya fi kwanciya, nan kuma gudaji suka fi fitowa.

An daɗe ana tsammani karkarwar ba ta da haɗari sai ga mai lalataccen ƙyaure. Wani ƙaramin gari a Amurka, Framingham, shi ya gyara wannan zato. Daga 1948 aka rubuta mutum 5,209 na garin, ana duba su duk bayan shekara 2. A 1978 aka ba da lissafi. Mai karkarwar zuciya, ko da ƙyamarensa lafiya, ya fi sauran mutane haɗarin shanyewa wajen sau 5. Wanda kuwa ya haɗa karkarwa da tabon zazzaɓin gaɓoɓi, sau 17. Tsufa, da hawan jini, da ciwon sukari, da ƙiba, da shan giya, duk suna jawo karkarwar. Wani ya kan ji gabansa na faɗuwa, ko haki, ko jiri. Wani kuwa ba ya jin kome sai ran da ya faɗi.

Na uku: raunanar zuciya

In naman zuciya ya yi rauni, ɗakin ƙasa ya kan buɗe ya kasa tura jini duka, saura ya kwanta. Hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba ya kan kawo haka, da kuma toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciyar kanta. Akwai kuma wani iri da ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitoci. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka ba da labarin mata masu jego da yawa da zuciyarsu ta gaza, ƙafafu sun kumbura, numfashi ya yi wuya. Sun ƙiyasta kamar mace ɗaya cikin 100 da suka haihu a wajen. Suka ɗora zato a kan yawan kunun kanwa, domin gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, da kuma tsananin zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano da waɗansu garuruwa ya nuna rama da hawan jini na lokacin ciki suna da hannu a ciki. Ko mene ne ya tayar da shi, mai jegon da zuciyarta ta yi rauni tana cikin haɗarin gudan jini, asibiti ne wurinta.

Magani daga garken shanu

Sanin ɓarawo daban, ɗaure shi daban. Maganin ya fito ne daga inda ba wanda ya zata. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa a arewacin Amurka da Kanada. In aka yi wa sa fiɗiya ko aka yanke ƙaho, sai jini ya ƙi tsayawa har ya mutu. Wani likitan dabbobi a Kanada, Frank Schofield, ya gano cewa wata ciyawa ce da a ke tara musu kamar harawa, in ta jiƙe ta yi fumfuna, ita ke hana jininsu daskarewa.

A watan Fabrairu na 1933, cikin tsananin sanyi, wani manomi ya ɗauko mushen saniyarsa, da garwar madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa, da damin ruɓaɓɓiyar ciyawa, ya kai jami'ar Wisconsin. Ya faɗa hannun wani masanin haɗa magunguna, Karl Paul Link. Shi da almajiransa suka yi shekara 6 suna nema, a 1939 suka ware sinadarin da ke cikin ciyawar. Daga danginsa aka haɗa wani mai ƙarfi, aka sa masa suna warfarin, aka fara sayar da shi a 1948, amma don kashe ɓera. Da aka gane cewa in an auna shi daidai yana hana guda ba tare da ya kashe mutum ba, kuma akwai makarinsa, sai aka yarda a ba mutane a 1954. A 1955 aka ba Shugaban Amurka Eisenhower bayan ciwon zuciya ya kama shi, daga nan tsoron maganin ya ragu.

Daga 1989 zuwa 1992 aka yi manyan gwaje-gwaje a Turai da Amurka, aka ga warfarin yana rage shanyewa ga masu karkarwar zuciya da wajen kashi biyu cikin uku. Daga 2010 aka fito da sababbin ƙwayoyi waɗanda ba su bukatar yawan gwajin jini. Amma a 2022 aka ba da sakamakon wani gwaji na mutum fiye da 4,500 a ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, masu karkarwa da tabon zazzaɓin gaɓoɓi, aka ga su dai tsohon maganin ya fi tsare musu rai. Don haka zaɓen magani aikin likita ne, ba na mai kemis ba, ba na maƙwabci ba.

Abin da ya rage gare ku

Kun ji an yi fiye da shekara 300 ana wannan aiki. Amfaninsa ba zai iso gidanku ba sai kun yi naku.

Na ɗaya, kada ku raina ciwon maƙogwaron yaro, balle in da zazzaɓi kuma ba tari ba mura. Ku kawo shi ɗakin shan magani, kada ku kai wa wanzami ya cire beli. In an ba da ƙwayoyi na kwana 10, a shanye su duka. Yaron da zazzaɓin gaɓoɓi ya taɓa kamawa, a kan yi masa allurar fenisilin duk mako 3 ko 4 har shekaru. Kada a tsallake.

Na biyu, ku koyi jin bugun jininku. Ku zauna ku huta, ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta wajen babban yatsa, ku ƙirga na minti ɗaya. Na babban mutum daga 60 zuwa 100 ne, yana tafiya daidai kamar dakan mace ɗaya a turmi. In kun ji yana tsalle, yana gudu, yana tsayawa, ba tsari, ku gaya wa malamin asibiti. Duk ran da kuka zo, ku roƙa a auna muku hawan jini.

Na uku, mai ciki ko mai jego da ta ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, a kai ta asibiti ran nan. Mai gida, wannan nauyinka ne. A rage kanwa da gishiri.

Na huɗu, wanda aka ɗora wa maganin hana daskarewar jini ya sha shi kullum bisa awo, ya je gwajin jini ran da aka sa masa. Kada ya yi ƙaho ko sakiya ko cire haƙori sai likita ya sani. Kada ya haɗa shi da wani magani, na Turawa ko na gargajiya, sai ya tambaya. Ganye irin su zogale da alayyafo suna rage ƙarfin warfarin. Ba a hana cinsu ba, amma a ci daidai wa daida, kada yau tuli gobe babu. In ya ga haɓo ya ƙi tsayawa, ko jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, ya zo maza. Macen da ke shansa ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin ya kan cuci ɗan tayi. Maganin ɓera kuwa guba ne, ba ruwansa da na asibiti.

Na biyar, in kun ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya hayaƙi ko jiran gari ya waye. A kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin zai iya shaƙewa. A nemi mota a nufi babban asibiti, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara. Tun 1971 a ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa mai bambanta fashewa da toshewa, akwai kuma allurar narkar da guda, amma ƙa'idarta awa 4 da rabi ce daga farawar ciwon. Ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintoci, a je, domin gargaɗi ne. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Wassalam.